Wace Hausa Ce a Cikin Jadawali? Darasi Daga New Bell ta Duwala

A kudancin Kamaru kalmar "Hausa" ta fi yadda Bakano ya san ta faɗi. Idan mutumin Duwala ko Yawunde ya ce wane Bahaushe ne, yana iya nufin jikan Katsinawa ko Zazzagawa, amma sau da yawa abin da yake nufi shi ne duk wani Musulmi da ya gangaro daga arewa sanye da riga da hula: Bafulatanin Garwa, Babarbare, Banufe, Balaraben Shuwa, har da mutumin Chadi. Suna ɗaya ne ya lulluɓe mutane iri-iri, kowa da harshen da ya sha a nono. Ɗalibin Hausa kan ɗauki wannan a matsayin batun tarihin al'umma, kuma haka ɗin ne. Sai dai shi ne kuma mabuɗin wani batu da ake ganin ya yi nisa da nazarin harshe, wato yadda ake karanta sunan rukuni a cikin jadawalin ƙididdiga, musamman a binciken da ke auna amincin takardun tambayoyi na masana halayyar ɗan Adam. Duk inda aka ga layin da aka rubuta wa "Hausa" da wata lamba a gefensa, akwai hannun da ya zuba mutane cikin wannan akwati, kuma lambar ba za ta yi ma'ana ba sai an san abin da aka zuba.

Unguwar baƙi

New Bell ba ta sami sunanta cikin daɗin rai ba. Tun daga 1910 Jamusawa masu mulkin Kamaru suka ƙudiri aniyar kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, su mai da wurin unguwar Turawa zalla, su bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakanin Bature da baƙar fata da hujjar kiwon lafiya. Matsugunan da aka tanada a bayan wannan fili aka laƙaba musu sunayen tsofaffin unguwanni tare da kalmar "sabuwa", ta haka aka sami New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya jagoranci ƙin amincewa da shirin, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Kafin Satumbar shekarar ta ƙare birnin ya faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa, daga 1916 kuma ya koma ƙarƙashin Faransa. Yawancin 'yan Duwala ba su zauna inda aka so tsugunar da su ba, sai unguwar ta zama masaukin baƙi: Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa, Ewondo, mutanen Najeriya da Dahomey, da kuma fataken Hausa, waɗanda magabatansu suka bi hanyar Adamawa ta Ngaundare da Banyo da Tibati suna cinikin goro da hauren giwa da shanu. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi guda a kan wannan zama na baƙi daga 1914 zuwa 1960, wanda ya fito a 2008.

A yau New Bell ce cibiyar gunduma ta biyu ta birnin Duwala, kuma wani ɓangarenta yana amsa sunan unguwar Hausawa. Yaron da ya tashi a nan yana iya yin Hausa da mahaifiyarsa, Fillanci da maƙwabci, Larabci a makarantar allo, Faransanci a makarantar boko, Turancin Buroka a kasuwa. Hausarsa tana aro daga Faransanci a wuraren da ta Kano ke aro daga Ingilishi. Idan aka miƙo takarda aka ce a rubuta harshensa a layi ɗaya, duk abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma duk abin da aka rubuta ya bar wani abu a waje. A riƙe wannan, domin za a dawo gare shi.

Mudun auna zuciya

Ciwon damuwa ba ya fitowa a gwajin jini kamar zazzaɓin cizon sauro. Don haka likitoci da masana halayya suka ƙirƙiro takardun tambayoyi domin tantance wanda ya kamata a duba shi da kyau. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya ita ce PHQ-9, wadda Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams suka wallafa gwajinta a Amurka a 2001. Tambayoyi 9 ne game da makonni 2 da suka wuce: rashin sha'awar al'amura, ƙuncin zuciya, matsalar barci, gajiya, cin abinci, ganin kai a matsayin wanda ya gaza, tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, da tunanin cewa gara mutuwa. Kowace amsa tana ɗaukar maki daga 0 zuwa 3, jimla daga 0 zuwa 27, kuma an saba ɗaukar maki 10 a matsayin iyakar da ke nuna a ƙara bincike.

Wanda zai sayi gero yakan fara duba mudun kafin ya yi ciniki. Haka ma takarda irin wannan, ana tambayar ko tana da aminci, wato ko tambayoyinta suna tafiya tare kamar masu auna abu guda. Lambar da aka fi amfani da ita wajen wannan ita ce alfa, wadda Lee Cronbach ya yaɗa a 1951. Tana kusantar 1 idan amsoshin tambayoyin suna hawa tare suna sauka tare, tana yin ƙasa idan kowace ta kama gabanta. Al'adar masu bincike ita ce su gamsu da 0.70 zuwa sama. A gwajin 2001, wanda ya shafi marasa lafiya 6,000, an sami 0.89 a asibitocin kula da lafiya na farko da 0.86 a na mata da haihuwa. A 2006 Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun gwada ta a kan ɗaliban jami'a a Ile-Ife, suka sami 0.85.

Alfa tana da halaye biyu da ya kamata ɗalibi ya sani tun da wuri. Na farko, tana ƙaruwa da yawan tambayoyi. Idan matsakaicin dangantakar da ke tsakanin tambayoyi 0.30 ne, takarda mai tambayoyi 9 za ta ba da kimanin 0.79, mai tambayoyi 20 kuma kimanin 0.90, alhali ba abin da ya sauya sai tsawo. Na biyu, tana dogara da irin mutanen da aka tambaya. A wurin da akwai masu tsananin ciwo da masu ƙoshin lafiya a gauraye, maki yakan warwatsu, alfa ta hau. A wurin da kusan kowa ke samun maki 2 ko 3, sai ta sauka, ko da takardar ita ce dai ba a taɓa ko wasali ɗaya a cikinta ba. Wannan ya sa masana ke cewa aminci sifa ce ta makin da aka samu a wani zama, da wasu mutane, ta wata hanya. Takarda ba ta yawo da amincinta a aljihu.

A kan wannan fahimta Tammi Vacha-Haase ta gabatar da wata hanya a 1998. Tun 1976 Gene Glass ya raɗa wa dabarar tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa suna, abin da za a iya kira haɗakar nazari. Ita kuma sai ta ce a tattara dukkan alfa da aka ruwaito wa takarda ɗaya, a ga matsakaicinsu, a ga yadda suka bambanta, sannan a nemi abin da ke tafiya da bambancin. Wannan mataki na ƙarshe shi ne metarigireshan. Siffar nazarin da ake zargin tana da hannu a bambancin ana iya kiran ta masauyi. Wani masauyin mai hawa-hawa ne, kamar matsakaicin shekarun mahalarta. Wani kuma mai rukuni-rukuni ne, kamar harshen takarda: Faransanci, Ingilishi, Hausa. A wannan na biyun ne ake yawan tuntuɓe.

Lambar da ke gefen suna

Wata ɗaliba 'yar unguwar Hausawan New Bell, wadda ke karatun digiri na biyu, ta ci karo da wannan tuntuɓe a cikin wani atisaye da malaminsu ya ƙirƙiro don koyarwa. Lambobinsa na aji ne, ba na wani bincike na gaske ba. An ƙaddara nazari 40 a kan takarda ɗaya: 22 da Faransanci, 14 da Ingilishi, 4 da Hausa. Kwamfuta ta fitar da layi uku. Na farko an rubuta masa "tushe", da lamba −2.12. Na biyu "Ingilishi", da +0.29. Na uku "Hausa", da +0.51. Faransanci kuwa ko sama ko ƙasa.

Ɗalibar ta ga alamar tarawa a gefen harshenta, ta ga kuma ita ce lamba mafi girma, ranta ya yi fari, ta rubuta cewa fassarar Hausa ta fi sauran aminci. Kallon kitse ta yi wa rogo, kuma kuskure biyu ne suka haɗu a wuri guda.

Na farko shi ne batun rukunin madogara. Kwamfuta ba ta san harshe ba, 0 da 1 kawai ta sani. Idan rukuni uku ne, sai a kafa ginshiƙi biyu: ɗaya yana tambayar ko nazarin na Ingilishi ne, ɗaya ko na Hausa ne. Nazarin da ya sami 0 a duka biyun shi ne na Faransanci, kuma shi ne ya ɓuya a layin da aka kira tushe. Saboda haka +0.51 tazara ce tsakanin Hausa da Faransanci, ba darajar Hausa ita kaɗai ba. Da an ɗauki Ingilishi a matsayin madogara, da lambar Hausa ta koma +0.22, Faransanci ya bayyana da −0.29, alhali bayanan ba su motsa ba. Sau da yawa manhajar ce ke zaɓar madogarar bisa jerin harufa, ba tare da mai binciken ya lura ba. Kuma jadawalin farko bai gwada Hausa da Ingilishi kai tsaye ba. Mai son wannan kwatanci sai ya nema daban. Kafin a shiga layi-layi ma, akwai gwaji na bai ɗaya da ke tambayar ko rukunan gaba ɗaya sun bambanta, kuma shi ake fara dubawa.

Na biyu shi ne batun sikeli. Alfa ba ta iya wuce 1, kuma yawancin waɗanda ake ruwaitowa sun cunkushe tsakanin 0.70 da 0.95, don haka akan juya ta kafin a yi lissafi. Ɗaya daga cikin hanyoyin juyin ita ce wadda Douglas Bonett ya gabatar a 2002: a cire alfa daga 1, a ɗauki logaridim na abin da ya rage. A wannan sikeli, ƙaruwar lamba raguwar aminci ce. Idan aka mayar da −2.12 gida sai ta zama alfa 0.88 ga Faransanci. Aka ƙara mata 0.29 ta zama −1.83, wato 0.84 ga Ingilishi. Aka ƙara mata 0.51 ta zama −1.61, wato 0.80 ga Hausa. Ashe Hausa ce a ƙasa. Wasu manhajojin, irin su metafor da Wolfgang Viechtbauer ya rubuta wa R, sukan juya alamar domin babbar lamba ta dace da babban aminci, don haka ba a yin zato, sai an karanta wane juyi aka yi.

Da gyaran ya zo, sai wani abokin karatunta ya faɗa ramin da ke ɗaya gefen. Ya ce to ai magana ta ƙare, Hausa ba ta dace da irin waɗannan tambayoyi ba, a riƙa amfani da ta Faransanci kawai. Wannan karatun ya fi na farko haɗari, domin ya yi kama da hankali. A atisayen, iyakokin tabbacin lambar Hausa sun tashi daga −0.05 zuwa 1.07, wato sifili yana cikinsu, kuma ba abin mamaki ba ne ga rukuni mai nazari 4 kacal. Littafin jagora na ƙungiyar Cochrane yana ba da shawarar a sami aƙalla nazari 10 ga kowace siffa da za a gwada. Irin waɗannan iyakoki masu faɗi ba su tabbatar da bambanci ba, ba su kuma tabbatar da daidaito ba. Abin da suke cewa shi ne shaidu sun yi kaɗan. Bayan haka, 0.80 ɗin kanta ta haye iyakar da aka saba gamsuwa da ita. Amma ko da iyakokin sun matse, ko da an sami nazari 40 na Hausa, akwai sauran tambaya da lissafi ba zai amsa ba.

Abin da kaka ta ji

A wani ƙarshen mako ɗalibar ta zauna da kakarta a tsakar gida, ta ce za ta gwada mata tambayoyin da Hausa, tana fassarawa daga takardar Faransanci da ke hannunta.

"Hajiya Kaka, a makonni biyun nan kin yi baƙin ciki?"

"Da wa, kishiya? Ni da na ga jikoki, wa zan yi wa baƙin ciki?"

Yarinyar ta tsaya. Ƙuncin zuciya take nufi, tsohuwa kuma ta ji hassada, domin a Hausa wanda ke baƙin ciki da arzikin wani shi ne ɗan baƙin ciki. Ta sauya kalma ta ce damuwa.

"Wa ya rasa damuwa a garin nan? Ga kuɗin haya, ga ruwa ya shiga ɗakin baya."

Ta ce to yanke ƙauna fa, ko ta taɓa jin ta yanke ƙauna.

"A'uzubillahi! Musulmi yana yanke ƙauna daga rahamar Allah? Ke dai bokon nan zai ɓata ki."

Tambaya ɗaya ce a takarda, ta biyu a jerin PHQ-9, amma kalmomi uku na Hausa sun ba da amsa uku: a'a ta mamaki, i ta kowa da kowa, da a'a ta tsoron Allah. Da suka zo kan tattara hankali, takardar ta ba da misalin karanta jarida ko kallon talabijin, tsohuwar kuwa rediyo take saurare, hankalinta kuma a lazimi take gane tattaruwarsa ko watsewarsa. Batun barci ya cakuɗe da zafi da sauro da ƙarar babura, a birnin da ruwan samansa ke haura milimita 3,500 a shekara. Batun cin abinci zai ba da amsa daban a watan azumi. Da aka zo zaɓin amsa, a ce wasu kwanaki ne ko fiye da rabin kwanakin, sai tsohuwar ta ce ita ba ta ƙirga kwanakin damuwa kamar kwanakin bashi. Tambaya ta tara kuwa, ta tunanin mutuwa, yarinyar ba ta iya furta ta ba, domin surukar gidan tana zaune a gefe tana tsintar shinkafa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sawu a jikin alfa. Tambayar da kowa ya amsa da i, ko kowa ya amsa da a'a, ba ta rarrabe mutane, don haka ba ta tafiya tare da 'yan uwanta, sai ta ja alfa ƙasa. Akasin haka ma yana faruwa. Mai tambayar da ya gaji da bayani yana iya mayar da kowace tambaya ta zama "kina da damuwa a kan kaza?", sai amsoshi su yi kama da juna, alfa ta hau, a yi murna da ma'aunin da ya koma tambaya ɗaya da aka maimaita sau tara.

Akwati ɗaya, kaya iri-iri

Yanzu a koma ga nazari huɗun da aka rubuta wa "Hausa". Wanda ya cika wannan layi ya karanta rahoto ne ya ga an ambaci Hausa, sai ya sa lamba 1. Amma a ƙarƙashin wannan 1 ana iya samun rubutacciyar fassara da kwamiti ya zauna a kanta a Kano, ko ma'aikaciyar jinya da ke kallon takardar Ingilishi tana fassarawa da baki yadda ya zo mata, ko nazari a unguwa irin New Bell inda aka kira mahalarta Hausawa alhali rabinsu sun fi sakewa da Fillanci, aka kuma yi hirar da gaurayen harsuna. Ba a taru an zama ɗaya ba. Idan bambancin da ke cikin rukuni ya kai wanda ke tsakanin rukuni, sunan rukunin bai bayyana komai ba, kuma jadawali mai kyau yakan nuna ragowar bambancin da masauyin ya kasa ɗauka.

Sannan harshe ba ya tafiya shi kaɗai. A ƙasashen da aka yi boko da harshen Turawa, takardar Faransanci ko Ingilishi ta fi faɗawa hannun wanda ya yi makaranta, ya cika da kansa, shi kaɗai, kamar ɗaliban Ile-Ife. Ta Hausa kuwa ta fi zuwa ta bakin mai tambaya, ga wanda bai yi boko ba, sau da yawa mace, sau da yawa a gida ko a layin asibiti inda kunnuwa suke. Harshe da ilimi da hanyar tambaya da wurin zama sun ɗaure a igiya ɗaya. Idan dukkan nazarin Hausa da baki aka yi su, dukkan na Faransanci kuma a rubuce, babu lissafin da zai raba tasirin harshe da na baki, domin babu nazarin da ya raba su tun farko. Metarigireshan kallo ne na abin da ya riga ya faru, ba gwajin da mai bincike ya tsara ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ganin tsami bai faɗi abin da ya faɗa cikin randa ba.

Akwai kuma batun mataki. Layin jadawali nazari ne, ba mutum ba. Tun 1950 William Robinson ya nuna da alƙaluman ƙidayar Amurka cewa dangantakar da ake gani tsakanin jihohi tana iya saɓa wa wadda ke tsakanin ɗaiɗaikun mutane. Cewa nazarce-nazarcen Hausa sun ba da ƙaramar alfa bai zama hukunci a kan amsar wata Bahaushiya guda ba, balle a kan harshen kansa. Kuma nazarce-nazarcen da suka shiga jadawali su ne waɗanda suka lissafa alfa tasu suka ruwaito. Da yawa sukan ari ta wani tsohon bincike su wuce, don haka ba sa cikin lissafin.

Abin da ke kan faifai

Wannan ba wasan lambobi ba ne. Jimla ɗaya a ƙarshen rahoto, cewa fassarar Hausa ba ta da aminci, tana iya zama hujjar da wani shirin kiwon lafiya zai kafa ya ajiye fassarar, ya miƙa wa mai jego takardar Faransancin da ba ta iya karantawa, ko ya daina tambayarta ɗungurungum. Jimlar da ta kambama babbar alfa kuma tana iya sa a saki jiki da mudun da ke auna wani abu daban. Aminci da sahihanci ba abu ɗaya ba ne: mudun da aka lotsa gindinsa kullum awo ɗaya yake bayarwa, kullum kuma a tauye. Kamaru tana da misali a kan haka. A 2012 Brian Pence da abokan aikinsa sun wallafa gwajin PHQ-9 da aka yi ta bakin mai tambaya a kan mutum 400 masu ɗauke da ƙwayar HIV a Bamenda. A iyakar maki 10, takardar ta kama kashi 27 cikin 100 kawai na waɗanda cikakkiyar hirar tantancewa ta tabbatar suna da ciwon, ko da yake ta wanke kashi 94 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. A gwajin Amurka na 2001 kowane ɗaya daga cikin alƙaluman biyu kashi 88 ne. Babu wata alfa da za ta iya tona wannan giɓi.

Mai rubuta rahoto na gaskiya zai faɗi rukunin da ya ɗauka madogara da dalilinsa, ya mayar da lambobi sikelin alfa domin kowa ya gane, ya nuna yawan nazarin da ke kowane rukuni, ya kuma jera harshe gefe da gefe da hanyar tambaya domin a ga inda suka manne. Jimlarsa za ta tsaya a kan cewa nazarce-nazarcen da aka yi wa laƙabin Hausa sun ruwaito ƙaramar alfa, kuma ba a iya raba wannan da yadda aka gudanar da su ba.

Mai son sanin tasirin harshe shi kaɗai kuwa, sai ya fita daga jadawalin wasu ya tsara nasa gwajin, kuma da wuya a sami wurin da ya fi New Bell dacewa. Dubban mazaunanta suna jin Hausa da Faransanci duka. Ana iya raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu su amsa da wannan harshe wasu da wancan, duka da baki, duka a keɓe, sannan a duba tambaya bayan tambaya wacce ce ke sauya hali idan harshe ya sauya. Kafin haka akwai aikin da ya fi na kowa zama na ɗalibin Hausa. Hanyar fassarawa da sake mayarwa harshen asali, wadda Richard Brislin ya yaɗa a 1970, ba za ta kama matsalar baƙin ciki ba, domin mai mayarwa zai ba da ma'anar da ake so, ma'anar hassada ta zille ta ƙofar baya. Sai wanda ya zauna da masu harshe ya tambaye su abin da suka ji, ya san inda ɓacin rai ya rabu da ƙunci, inda zullumi ya rabu da fargaba, ya san cewa "ba komai" da "sai godiya" amsar gaisuwa ce kafin su zama amsar tambaya.

Jamusawa ne suka shata New Bell a taswira suka sa mata suna, mutanen da ba a yi shirin domin su ba suka zo suka cika ta. Rukunin jadawali ma haka yake, wani ne ke shata shi a ofis, rayuwa ta cika shi da abin da ta ga dama. Ɗalibin da ya ga kalmar Hausa a gefen lamba, hakkinsa ne ya tambaya wace Hausa ce, wa ya karanta ta, ga wa, kuma a gaban wa. Masanin ƙididdiga zai iya lissafa tazarar har zuwa ɗigo na uku, amma amsar waɗannan tambayoyi tana wurin wanda ya san harshen.